Suna Linzami Ne?

Wata magana ce ta same ni a aji kwanan baya, ta tsaya mini a rai, na ga ya kamata in kawo ta gabanku, don na san ba gidan da ba a taɓa yin gardamar suna ba.

Ran wata Litinin da safe na gama kiran suna, muka yi lissafi, aka buga ƙararrawar tara. Yara duk suka fita da gudu, sai wata yarinya guda ta tsaya jikin tebur tana murza gefen mayafinta. Shekarunta ba su wuce 12 ba, yarinya mai natsuwa, mai kyan rubutu. Na ce, "Lafiya?" Ta ce, "Malama, so nake a sāke mini suna a cikin rajista." Na yi dariya, na ce ina dalili? Sai hawaye. Da ƙyar na fahimci abin da ya faru. Ashe wata daga cikin 'yan ajin ce ta ji a bakin wanta, wai ma'anar Lai'atu ita ce gajiyayya, wai kuma Lai'atu ta cikin Littafi ita ce matar da mijinta ba ya so. Shi ke nan fa, suka sa ta gaba, ba su kiranta sai Bora. Suna ce mata suna linzami ne, ita ma haka za ta ƙare a gidan miji.

Ba zan ɓoye muku ba, ban yi abin kirki ran nan ba. Cewa na yi ta share hawaye ta je ta yi wasa, maganar yara ce. A kwalejin horon malamai an koya mana yadda ake cika rajista, da yadda ake shirya darasi, da yadda ake riƙe alli, amma ba wanda ya gaya mini abin da zan ce wa yarinyar da ke jin tsoron sunanta. Da na koma gida sai abin ya dame ni, gama ni kaina na tashi ina jin tsofaffi suna cewa suna linzami, kuma sau nawa na ji an ce wance ta ɗauko halin takwararta? In haka ne, to, yaran nan ba su yi ƙarya ba ke nan. Da dare na kunna fitila na ɗauko Littafi Mai Tsarki, na ce bari in bi sunayen nan ɗaya ɗaya in ga ko da gaske suna yake jan mutum.

Da fari dai ku sani, sunayen nan da muke ji kullum, su Ibrahim da Saratu, Ishaku da Rifkatu, Yakubu da Rahila, Yusufu, Musa, Dauda, Hannatu, tsofaffin sunaye ne na ƙasar Ibraniyawa. Musulmi da Kirista duk muna sa wa 'ya'yanmu da yawa daga cikinsu. Mu a wurinmu sauti ne kawai mai daɗi da albarkar wanda ya fara amsa shi. Ko da aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ba a juya sunayen ba, an bar su yadda kunnenmu zai iya ɗauka. Amma a kunnen masu harshen, suna magana ce sarai, kamar yadda in kika ji an ce Tanko kin san mata ya biyo, in an ce Gambo kin san a bayan tagwaye ya zo, in kuwa kika ji Ajuji kin san uwar ta sha binne 'ya'ya. Haka su ma. Saratu, watau gimbiya. Rahila, tunkiya. Debora, kudan zuma. Hannatu, alheri. Ishaku kuwa dariya, domin uwarsa ta yi dariya da ta ji wai za ta haihu, tana tsohuwa mai shekara wajen 90, mijinta kuwa 100. Ku duba, sunan Ishaku bai faɗi kome a kan halin Ishaku ba. Labarin uwarsa da ubansa ya faɗa. Wannan shi ne abu na fari da na lura da shi, ku riƙe shi, za mu komo kansa.

To, amma kada in yi son kai, akwai inda suna da hali suka yi daidai har abin ya ba ni tsoro. Akwai wani attajiri a zamanin Dauda, kafin Dauda ya hau sarauta, ana ce da shi Nabal, ma'anarsa wawa. Tumakinsa 3,000, awaki 1,000. Mutanen Dauda sun daɗe suna tsare masa makiyaya a jeji, ko ɗan akuya bai ɓata ba. Ran sausayar tumaki, ranar biki da yalwa, Dauda ya aika a roƙa masa ɗan abinci, sai Nabal ya kori 'yan aiken da zagi. Dauda ya ɗaura takobi, ya taso da mutum wajen 400. Ba don matarsa Abigel ba, da gidan nan ya ƙare. Ita ce ta yi maza ta labta wa jakuna gurasa 200 da nama da sauran kaya, ba ta ko shawarci maigidan ba, ta tari Dauda a hanya ta ba shi haƙuri, ta ce masa mijinta halinsa daidai yake da sunansa. Bayan kwana 10 Nabal ya mutu. Wanda ya karanta wannan zai ce, ai kun gani. Ni dai abin da na tambayi kaina shi ne, wace uwa ce za ta rungumi jinjiri ran suna ta ce masa wawa? A ganina mutanen gari ne suka manna masa shi bayan sun ɗanɗana halinsa, har ya shafe na yankan.

Sai Yakubu. Na san 'yan'uwana Musulmi suna girmama shi ƙwarai a kan shi Annabi ne, mu ma muna girmama shi, labarin da ke cikin Littafin Farawa kaɗai nake ba ku. An haife shi yana riƙe da diddigen ɗan tagwayensa Isuwa, aka sa masa suna daga kalmar diddige. Kalmar kuwa tana kama da ta wanda ya sha gaban wani da dabara. Da suka girma albarkar ɗan fari ta koma kan Yakubu, sai Isuwa cikin ɓacin rai ya ce ai ba banza aka sa masa sunan nan ba. Amma ku lura, mai fushi ne ya fassara sunan haka. Daga baya kuma aka ba Yakubu sabon suna, Isra'ila, ya komo gida ya rusuna wa ɗan'uwansa, suka rungumi juna suna kuka.

Da na ci gaba sai na yi ta cin karo da waɗanda suka kuɓuce wa linzamin. Dauda ya sa wa wani ɗansa Absalom, watau uban salama. Suna ya fi wannan kyau? Shi ne kuwa ya sa aka kashe wansa Amnon, ya zauna a ƙofar gari yana sace zukatan talakawa, ya tayar wa ubansa, har tsoho ya fita daga Urushalima ba takalmi yana kuka. Ga kuma wani da ba a cika jin labarinsa ba, Yabez, a cikin Littafin Tarihi na Fari. Uwarsa ta sha wuyar haihuwarsa, ta sa masa suna mai nufin azaba. Yaro ya tashi da wannan kaya a kansa, kowa ya kira shi ya tuna masa. Aya biyu kaɗai aka rubuta a kansa, amma cikinsu an ce ya fi 'yan'uwansa daraja, ya roƙi Allah ya sa masa albarka ya tsare shi daga masifa, Allah kuwa ya amsa. Uban salama ya kawo yaƙi, ɗan azaba ya sami girma. Ina linzamin?

Sa'an nan na zo kan Lai'atu kanta, a nan ne barci ya gudu daga idona. Game da ma'anar sunan, waɗansu masana sun ce gajiya ce, waɗansu kuwa sun ce saniya ce, tun da ƙanwarta tunkiya ce, ubansu Laban kuma mai garke. Wanda ya zauna kusa da Fulani ya san ba zagi ba ne a kwatanta 'ya da saniya. Labarin kuwa kowace mace za ta gane shi ba sai an fassara mata ba. Yakubu ya je Haran wurin kawunsa Laban, ya ga Rahila ya so ta, ya yi bautar shekara 7 saboda ita. Daren biki uban ya lulluɓe yayar ya kai masa. Gari ya waye, ango ya ga ba ita ba ce. Aka ba shi Rahilar ma, a kan ya ƙara waɗansu shekara 7. Ga ya da ƙanwa sun zama kishiyoyi, ɗaya mowa, ɗaya bora. Ba wanda ya tambayi Lai'atu ko tana so. Ku da kuka san zaman gida, ku auna wannan safiya a zuciyarku.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, a gidan nan mata ne ke raɗa suna. Mu a nan uba ne ke zaɓa, shi da 'yan'uwansa, uwa kuwa in ɗan fari ne ko sunan ba ta iya kamawa don kunya. Amma Lai'atu ita ta sa wa 'ya'yanta, kuma in kika jera sunayen, kin karanta zuciyarta kamar wasiƙa. Na fari Ra'ubainu, watau ga ɗa, tana cewa Allah ya ga wahalarta, yanzu kam mijinta zai so ta. Bai so ta ba. Na biyu Saminu, wanda waɗansu ke kira Simeyon, daga kalmar ji, domin Allah ya ji ba a ƙaunarta. Na uku Lawi, daga kalmar mannewa, tana sa rai wannan karo maigida zai manne mata, tun da ta ba shi maza uku. Kun ji fa, 'ya'ya uku, kowane suna idonsa na kan ƙofar turaka. Wace ce a cikinmu ba ta san wata da ta yi zaton haihuwa za ta saya mata so ba?

Da ta haifi na huɗu sai ta ce masa Yahuza, watau yabo, ta ce wannan karo Ubangiji za ta yaba. Ba ta ambaci miji ba ko kaɗan. Na karanta wurin nan sau uku. Ba zan ce ta warke daga ran nan ba, gama da ta haifi na shida, Zabaluna, ta sāke sa rai mijinta zai girmama ta. Zuciyar mace ba a rana ɗaya take haƙura ba. Amma wannan na huɗun, wanda ta sa wa suna ba don ta jawo hankalin kowa ba, daga zuriyarsa Dauda da Sulemanu suka fito, daga sunansa kuma aka sami kalmar Yahudawa. Daga Lawi kuwa Musa da Haruna suka fito. Da Yakubu ya zo mutuwa a Masar, ya yi wasiyya a kai shi kogon Makfela a ƙasar Kan'ana, inda aka binne Ibrahim da Saratu, da Ishaku da Rifkatu, ya kuma faɗa da bakinsa cewa a can ya binne Lai'atu. Borar nan ita ce ke kwance tare da shi a kabarin kakanni. Wan yarinyar nan da ya ba da rabin labari, ban sani ba ko ya karanta har nan.

Rahila kuwa, mowar, ba ta sha daɗin da ake zato ba. Ta daɗe ba haihuwa, tana kishin yayarta. Da ta sami ɗa ta ce masa Yusufu, watau Allah ya ƙara. Aka ƙara mata, amma a kan hanya, kusa da Baitalami, naƙuda ta yi mata tsanani. Ranta na fita ta sa wa jinjirin Ben-oni, ɗan baƙin cikina. Uban bai yarda ba, ya mai da shi Biliyaminu, ɗan hannun dama. Ina tausayin Rahila, amma a nan bayan Yakubu nake. Baƙin cikin nata ne, na gaskiya ne kuwa, sai dai ba daidai ba ne yaro ya yi ta amsa shi har tsufansa, kowace kira ta tuna masa haihuwarsa ce ta kashe uwarsa.

A nan zan ɗan ratse in yi magana da mu iyaye mata, ko da yake ni ban kai ga goyo ba tukuna, ku gafarce ni. Sunan yanka ba a hannunmu yake ba, amma laƙabi namu ne, shi ne kuma ke bin yaro. Akwai mai sa wa 'yarta laƙabi don habaici ga kishiya, kullum ta ƙwala kira a tsakar gida, ba 'yar take kira ba, waccan take soka. Akwai kuma wanda ya fi wannan muni, sunan da muke ba yaro cikin fushi. Ta fasa ƙwarya sau ɗaya, ta zama Sakarya. Bai gane karatu da wuri ba, ya zama Daƙiƙi. Ina ganinsu a aji. Yarinyar da aka saba ce wa Sakarya a gida, in na yi tambaya ba ta ɗaga hannu ko ta san amsa, gama an riga an gaya mata ko ita wace ce. In akwai sunan da ke zama linzami, to, wannan ne, mu ne kuwa muke ɗaura shi da hannunmu, mu ja, sa'an nan mu ce hali zanen dutse.

Littafin ma ya san irin wannan suna na bayan hali, mai kyau da marar kyau. A cikin Ayyukan Manzanni akwai wani mutumin tsibirin Kubrus, sunansa na yanka Yusufu, amma manzanni suka riƙa ce masa Barnaba, watau ɗan ƙarfafa zuciya. Ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin don mabukata. Sa'ad da kowa ke gudun Bulus saboda tsanantawar da ya yi wa masu bi a dā, shi ne ya kama hannunsa ya kai shi wurin manzanni. Da Bulus ya ƙi tafiya da saurayin nan Markus don ya taɓa juyawa a hanya, Barnaba ya ɗauke shi. Sunansa ya dace da shi sarai, amma ai halin ne ya riga, sunan ya biyo. Siman kuma an ce masa Bitrus, watau dutse, tun bai zama dutsen ba, gama bayan an ba shi sunan ne ya yi musun ubangijinsa sau uku a dare ɗaya, da fari ma a gaban wata baranya. Sai daga baya ya tsaya da ƙarfi. Wannan suna kamar rigar da ake ɗinka wa yaro ce da girma, a ce zai cika ta.

Wadda ta fi burge ni ita ce Na'omi, ma'anar sunanta daɗi. Yunwa ta kore su daga Baitalami zuwa Mowab, a can mijinta ya mutu, bayan shekara wajen 10 'ya'yanta maza biyu suka bi shi. Ta komo gida hannu wofi, sai surukarta Rut. Matan gari suka fito suna tambaya ko Na'omi ce, ta ce kada su ƙara kiranta haka, su ce mata Mara, watau ɗaci. Ita ma so ta yi a sāke mata suna a rajista. Na bi littafin har ƙarshe ina nema, ban ga inda wani ya kira ta Mara ba ko sau ɗaya. Matan garin nan sun ji ta, sun tausaya mata, suka ci gaba da ce mata Na'omi, har ranar da suka zo barka ta rungumi jikan da Rut ta haifa, Obida, kakan Dauda. Maƙwabta na gari ke nan.

Kashegari da aka fita tara na kira yarinyar, na fara ba ta haƙuri a kan yadda na sallame ta. Sa'an nan na ba ta labarin takwararta tun daga daren biki har kogon Makfela, ban rage na ɗacin ba, don yaro yana gane in ana lallashinsa da ƙarya. Ta yi shiru, ta ce, "To, Malama, mijin ya so ta daga baya?" Na ce ba a rubuta ba, ba kuwa zan ƙara abin da ba a rubuta ba. Na ga amsar ba ta yi mata daɗi sosai ba. Sai na ba ta aikin gida: ta je ta tambayi uwarta dalilin da ya sa aka sa mata wannan suna. Na ba dukan ajin ma, kowace ta rubuto shafi guda.

Ran Jumma'a suka karanta. Wata sunan kakarta ta ci, wata an haife ta ran kasuwa, wata ubanta yana tafiya aka haife ta. Wadda ta fara tsokanar ma ashe ba ta taɓa sanin dalilin nata ba sai a makon nan. Da aka zo kan yarinyata ta miƙe, muryarta na rawa. Ta ce daren da za a haife ta ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafi ya cika, ba halin kai uwarta asibiti. Wata tsohuwar ungozoma ce a ƙauyensu ta ratso ruwa har ƙugu, ta kwana a kan uwar har gari ya waye, ta ƙi karɓar ko kwabo. Sunan tsohuwar nan Lai'atu. Uban ya ce ba shi da abin biyanta sai wannan.

Ajin ya yi tsit. Ban ce kome ba, na buɗe rajista na soma kiran suna, gama mun makara. Har yanzu akwai biyu ko uku da ke ce mata Bora in sun ga ba na kusa, ina kuwa sane da su. Amma ran nan da na zo kan sunanta, ta amsa har 'yan ajin da ke maƙwabtaka da mu suka ji.